Kowa Da Irin Cin Guzurinsa

Kuɗin jirgi da na biza da na otal ba su cika kunyata matafiyi ba. Waɗannan an biya su tun a gida, ejan ya ba da rasit, an yi addu'a an shafa. Mai tona asiri shi ne abin da ya rage a hannu, guzurin da za a ci, a sha, a yi tsaraba da shi na mako biyu a Dubai ko Alƙahira, ko a ƙasa mai tsarki ga wanda ya haɗa hutunsa da Umara. Ka damƙa wa mutum goma dala dubu-dubu a filin jirgin Malam Aminu Kano, ka tarye su ran dawowa. Labari goma za ka sha, kuma kowannensu zai rantse maka ƙasar ce ke da tsada.

Tun kafin a tashi ake gane mai jiran dala ta sauka. Ya san ranar tafiyarsa tun wata uku baya, nairarsa tana ajiye, amma ya ci alwashin ba zai saya ba sai ta faɗi. Kullum da hantsi yana kasuwar 'yan canji ta Wapa, ko yana kan waya da ɗan canjinsa: "Alhaji, yau nawa ta kwana?" A gaya masa, ya ja tsaki, ya ce wani ƙanen matarsa da ke aiki a Abuja ya tabbatar masa mako mai zuwa za ta rikito. Shekarar 2024 ta gasa wa irinsa aya a hannu. A watan Fabrairu dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, masu tsoro suka ruga suka saya. Zuwa Afrilu ta gangaro kusan 1,100, waɗanda suka saya suka dafe kai. Mutuminmu ya yi ta yi musu dariya, yana cewa ai 750 za ta koma, inda take kafin gwamnati ta sakar mata mara a watan Yunin 2023. Bai ankara ba ta sake hayewa 1,500. Daren tafiya ya saya, a tsaye, a farashin da ɗan canji ya ga dama, don ɗan canji in ya hango akwati a bayan mota ya san ba ciniki aka zo yi ba. Da ya sayi ɗari biyu wannan makon, ɗari biyu wancan, da tsada da araha sun gauraya sun ba shi tsaka-tsaki. To amma wannan ba ta da daɗin bayarwa a majalisa.

Da an sauka kuma sai Malam Na-Lissafi ya fito da wayarsa. Shi bai taɓa yarda ya bar gida ba, gangar jikinsa ce kawai ta hau jirgi. Riyal ba ya motsi, tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, dirhamin Dubai ma yana kan 3.67 tun 1997. Naira ce ke rawa, shi kuma Malam da ita yake auna komai. A ce dala tana 1,500, riyal ɗaya ya zama naira 400 ke nan. Aka ce masa kofin shayi riyal 5, sai ya danna, ya zaro ido.

"Dubu biyu! Shayi? Mai shayin bakin layinmu da dubu biyu har ƙwai zai soya mini, ya yi mini addu'a."

Ya ajiye kofin, ya haura ɗaki. Can kuwa akwai tanadi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji, dambun nama, da kilishin da aka naɗe da takarda uku don kada ƙamshi ya fallasa shi. Butar lantarkin da otal ta ajiye don shayi ita ce tukunyar taliyarsa. Mutum ya zuba miliyoyi a tikiti don ya zo ya zauna bakin gado yana shan gari yana kallon gari ta taga. A Dubai kuwa aka ja shi zuwa Burj Khalifa, ginin da ya kai mita 828, ya tambayi kuɗin hawa, ya danna, ya ɗaga kai ya ce, "Ai daga nan ƙasa ma ana ganinsa sarai." Tasi kuwa haramun ce a mazhabarsa, sai jirgin ƙasa na cikin gari. A nan ne yunwa ta kama shi, ya zaro kilishi ya fara tauna, bai san cin abinci a cikin jirgin nan tarar dirhami 100 ba ne. Wannan lissafin kam wayarsa ta yi masa shi daidai, sama da naira dubu 40 a kan yanka ɗaya. Duk da haka ba na son a yi masa dariya da yawa. Cikin ayarin nan shi ne zai sauka gida da canji, kuma akwai waɗanda za su biyo shi ɗaki da dare suna tambayar ko garin ya rage.

Shugabansu shi ne Alhaji Ba-Komai. Ciwon Alhaji ɗaya ne: lambar da ke jikin takarda yake gani. Hannunsa ya saba miƙa wa yaron da ya ɗauki kaya naira 500, sai ga takardar dirhami ita ma an rubuta mata 500, hannu kuwa bai san ya ƙetare teku ba. Abin da ya miƙa ya haura naira dubu 200, yaron otal ya rusuna har ƙasa, Alhaji ya ce lallai mutanen ƙasar nan akwai tarbiyya. Kwana ukun farko duniya sabuwa. Tasi zuwa Dubai Mall, tasi dawowa, kowa ya zo a ci, ba komai. Har kuɗi ya biya aka kai shi sahara ya ga rairayi da raƙumi, mutumin da garinsu rairayi ke cinye gonaki, raƙumi kuwa shi ke kawo musu kanwa ran kasuwa. Ruwa da lemon da ke cikin ɗan firij na ɗaki ya ɗauka karamci ne. Bai san akwai harajin kwana da Dubai ke karɓa a kan kowane ɗaki ba, daga dirhami 7 zuwa 20 a dare gwargwadon darajar otal, bai kuma sa kuɗin jinginar da otal ke riƙewa ran shiga a lissafi ba. Ran na biyar ya gano jirgin ƙasa ya fi tasi sauri. Ran na takwas ya ce likita ya umarce shi da yawan tattaki. Ran na goma ya tuna da falalar azumin nafila, ya ɗauki na Litinin da Alhamis ran Talata. Daga nan sai waya gida, murya ƙasa-ƙasa: "Ka ga bijimin nan da na ce a bari sai Sallah? Nemo masa mai saye."

Akwai kuma Hajiya da ɗanta, waɗanda tafiya ɗaya suke yi amma ƙarni biyu. Hajiya ba ta yarda da kuɗin da ba za ta taɓa ba. Dalolinta suna cikin lalita, lalitar tana ɗaure a ƙugu, an rufa da zane, an rufa da hijabi, duk sayen dabino sai an nemi lungu an juya baya. Da ta ji a 2024 Babban Banki ya hana bankuna ba matafiya guzuri lakadan, sai dai a zuba a kati, cewa ta yi ƙarshen zamani ya zo. Ba ta san doka ta ce wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan ba, amma wannan bai shafe ta ba, nata bai kai ba. Abin da ya shafe ta shi ne rabin kuɗin tsofaffin ɗari-ɗari ne masu ƙaramin kai, irin na kafin 1996, waɗanda ta adana tun hajjin marigayi maigidanta. A Amurka har gobe kuɗi ne. Ɗan canjin Madina kuwa ya ɗaga takardar, ya juya ta, ya turo mata abinta, shi mai shuɗin zaren nan da aka fito da ita a 2013 yake so. Na gaba ya karɓa, amma sai da ya zaftare.

Ɗan nata yana gefe yana girgiza kai. "Umma, ai yanzu an wuce nan. Kati kawai." Shi ko sisi bai riƙo ba. Ya manta a 2022 bankunan gida sun mayar da abin da katin naira zai kashe a waje dala 20 a wata, daga baya suka toshe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane da iyakarsa. Bai tambayi tasa iyakar ba. Ya zo biyan kuɗin mota ta waya, banki ya tura lambar sirri zuwa layinsa na gida, layin kuwa yana Kano a hannun matarsa. Ran da katin ya yi aiki, na'ura ta tambaye shi da kuɗin ƙasar zai biya ko da dala, ya zaɓi dala don ita ya fi ganewa, alhali wannan zaɓin shi ne ke ba masu na'urar damar yanka masa nasu farashin canjin. Da magariba sai ga shi ya raɓo. "Umma, ɗan juya baya mana."

Amma duk waɗannan nasu mai sauƙi ne, don da halinsu suke fama. Hajiyar sautu da dangi take fama, kuma a ganina nan ne yawancin guzurin Bahaushe ke mutuwa. Ita ba ta yi shelar tafiya ba, ta gaya wa mutum ɗaya ne ta ce kada a faɗa. Kafin mako ya zagayo gidanta ya cika da masu zuwa sallama, kowa da 'yar takardarsa. Yaya Babba tana son abaya irin wadda aka gani a jikin wance ran biki. Gwaggo turare, amma ba irin na bara ba. Matar maƙwabci ta kawo naira dubu 20 a sayo mata zoben gwal a Deira ta Dubai, "ko ƙarami ne, in da ciko kya cika, Allah ya bar zumunci." Mafi yawa ma ba su kawo komai ba, addu'a suka kawo. Sannan ga waɗanda ba su yi sautu ba amma hakkinsu ne a ba su: surukai, 'yan unguwa, malamin yara, mai gadi. In ƙasa mai tsarki aka je, dabino da bagaruwa da carbi da sallaya ba su da fashi, ga zamzam lita 5 da za a tsiyaya wa gida arba'in. Saudiyya kuma tun watan Yulin 2020 harajin saye kashi 15 cikin ɗari take karɓa, Dubai kashi 5, amma je ka bayyana wa Gwaggo wannan.

Hutun Hajiya duk a kasuwa ya ƙare, waya a kunne, tana haska wa mutane kaya ta WhatsApp suna cewa a'a, wancan na bayansa. A Dubai baƙo yana iya karɓo mafi yawan harajin da ya biya in sayayyarsa ta kai dirhami 250, muddin ya nuna fasfo a shagon aka yi masa rajista, ya kuma tabbatar a filin jirgi kafin ya ba da kaya. Hajiya ta ji labarin ne a cikin jirgi, rasit ɗinta kuwa ta naɗe kwalli da su. Ga awo: jaka biyu aka yarje mata, kowace kilo 23, ita kuma ta zo da huɗu da ƙullin bargo. Nan za ka gan ta durƙushe gaban ma'auni tana kwashe kaya daga wannan jaka zuwa waccan, sai ka ce nauyin zai ɓace a hanya, ta ɗora abaya uku a jiki, tana bin fasinjoji: "Ɗana, kai da ba ka da kaya, taimaki uwarka." A ƙarshe ta biya kuɗin ƙarin kilo da ya fi kuɗin bargon, wanda in an duba ma akwai irinsa a Kantin Kwari. Ta iso gida ta raba, Yaya Babba ta ɗaga abayar ta ce, "Ayya, baƙa kika samo?"

Ba a rasa ɗan rakiya, wanda kullum manyan kuɗi ne a jikinsa, bai samu ya canza ba. Da an kawo takardar kuɗin abinci sai kiran waya ya shigo masa. Ba a kuma rasa mutumin Maraɗi ko Damagaram da ke zaune yana kallon 'yan Najeriya suna duba farashin dala sau biyar a yini. Sefarsa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, in ta motsa a gaban dala to yuro ce ta motsa. Ba ya cewa komai, shayinsa yake kurɓa.

Sai wanda kowa ke gulmarsa, Malam Mai-Ambulan. Tun a gida ya zauna ya raba guzurinsa: ambulan na ci da sha, an kasa shi bisa kwanaki, na mota, na tsaraba da sunayen mutane a bayansa, da wani na ko-ta-kwana da ba a buɗewa. Akwai ma na biyar da ya bari a gida, na kuɗin makarantar yara da cefanen watan dawowa, don ya san wata ba ya jiran mutum ya huce gajiya. Tafiya da shi ba ta da armashi. Ka ce a shiga nan a ci kaza, ya leƙa ambulan ya ce na yau ya ƙare, sai gobe. Alhaji Ba-Komai ya sa masa suna Akanta. Amma daga kwana na tara ƙofarsa ba ta rufuwa, ana shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana roƙon kada a gaya wa sauran. Ambulan ɗin da ba a buɗewa ya buɗu, dala 300 ga Alhaji, 100 ga mai kati, 200 ga Hajiya a bakin awo.

Bayan dawowa da wata biyu ya je gidan Alhaji karɓar kuɗinsa. An yi gaisuwa, an sha ruwa, an tuna raƙumi an yi dariya. Alhaji ya shiga ciki ya fito da damin naira, ya ƙirga bisa farashin ranar da aka ba shi rancen, dala kuwa ta ƙara naira 100 tun daga lokacin.

"Alhaji, ai dala na ba ka."

"Haba Akanta, kai da kake malami? Ƙari a kan bashi ai riba ce."

"To ba ni dalata 300, ba ƙari ba ragi."

Alhaji ya yi shiru, ya ce wannan mas'ala ce, sai an tambayi liman. Liman kuwa ya tafi Umara, sai bayan Sallah.