Mutanen Hodar Ƙyalli

Da zarar rake ya fara fita daga Makarfi mota-mota, manoman tumatir na Ikara da Hunkuyi kuma suka ji nauyin aljihu, sai bukukuwa su ɓarke. A lokacin ne wata 'yar hoda ke cin kasuwarta. 'Yan mata na ce mata hailaita, iyayensu na ce mata hodar ƙyalli. Mai arahar ba ta kai kuɗin mudun shinkafa ba, kuma ba sai an je Sabon Garin Zariya ba: ranar Laraba a kasuwar Makarfi tana nan a teburin ɗan koli, tsakanin kwalli da jagira da jan baki.

Asalinta garin wani dutse ne mai sheƙi da ake kira maika, wanda ake haƙo da yawansa a Indiya da Madagaska, a niƙa, a ba shi launi. Mai tsada niƙanta luƙui ne, sai ta kwanta a fata. Mai araha tsaki-tsaki ce, kowace ƙwaya na neman a gan ta. Wuraren shafa ta ba su da yawa: ƙashin kumatu, karan hanci, ƙasan gira, saman leɓe. Daga nan ne mutane suka rarrabu.

Akwai mai cika hannu. Hujjarta guda ce: da kuɗinta ta saya. Bayan kumatu da hanci sai ta wuce goshi, ta sauka haɓa, ta gangara wuya, abin da ya rage a yatsa ta goge a bayan hannu don kada a yi asara. In ta fito tsakar gida da azahar, sai ka ce sabon kwanon rufi. Mai hoto ne ke shan wahalarta, domin hasken kyamara na dukan fuskar ya dawo masa. Zai ce, “Anti, ɗan juya gefe, fuskar ba ta fito ba.” Ta juya, ɗaya kumatun ya karɓi aiki. Idan hoton ya fito, idanu biyu da ɗankwali kawai za a gane, ita kuwa ta bi gari tana cewa yaron bai iya aiki ba.

Sai 'yar TikTok. Ita a waya ta yi karatunta, wurin wata baturiya da ke zaune a ɗaki mai sanyi da fitila zagaye da fuska. Abin da malamar ta shafa shi za ta saya, wato mai ruwan azurfa, alhali a baƙar fata azurfa toka-toka take komawa. Ruwan gwal da na tagulla su ne namu. Ko Rihanna da ta fito da kayan kwalliyarta na Fenty a 2017, mai ruwan gwal ɗin ce ta fi tashe. Ita kuwa 'yar TikTok, baiwar Allah, za ta shafe awa guda gaban madubi, sannan ta hau acaɓa daga Kudan zuwa Hunkuyi cikin ƙurar hunturu. Tana isa gidan biki uwar amarya ta tare ta: “Sannu 'yar nan, daga sussuka kike?”

Mai aro ba ta taɓa saye ba, ba ta kuma taɓa zuwa biki babu ƙyalli ba. “Ƙawata, ɗan lakata mini.” Ta lakata, ta ƙara, ta duba madubi, ta ce wannan ai jabu ce, gara ki canza.

Wadda na fi so ita ce Hajiya mai faɗa. Tana zaune kan tabarma, carbi a hannu, duk yarinyar da ta gitta sai ta sha magana. Su a zamaninsu man kaɗanya ne da lalle da kwalli, kuma a haka aka yi layi a ƙofar gidansu. Ba wanda ke da ƙarfin halin tuna mata cewa kwallin nan nata shi ma dutse ne mai ƙyalli kafin a daka shi. Can bayan la'asar za ta shige ɗaki wai za ta gyara ɗauri. Ta fito karan hancinta na walƙiya. Jikarta, da yake akwai wasa tsakaninsu, ta ce, “Hajiya, kishiya za ki yi mini?” Ta ce, “Rufe mini baki, ja'ira, ku ne kuka goga mini garin gaisuwa.” Gaisuwar da ta bi karan hanci tiryan-tiryan, ba ta kauce ko kaɗan ba.

Ɗalibar Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi, mai karatun kiwon lafiya, ita ba ta karɓar hoda sai ta kifa ta, ta nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ɗakin amarya, ana tsakiyar guɗa, za ta fara bayanin yadda buroshi ɗaya a fuska goma ke raba ƙuraje da ciwon ido. Ana jin haushinta, amma gaskiyarta ce. Na kuma ji daɗin wata magana tata: hodar ƙyalli, komai muninta, ruwa da sabulu na raba ki da ita kafin isha'i, man bilicin kuwa in ya ƙona fata har tsufa ana biyan bashinsa.

Shi kuwa ɗan koli, duk hodar da ke teburinsa 'yar Dubai ce, ko da rubutun bayanta na Sin ne. Bai taɓa ganin launin da bai dace da mai saye ba. Fara ta zo, “Hajiya, kamar don ke aka yi.” Baƙa ta zo, kalmar ba ta canza ba. Gwaji a bayan hannunsa yake yi, layi-layi, tun safe, don haka duk wanda ya yi musabaha da shi ranar kasuwa ya samu rabonsa kyauta.

Wannan ce matsalar mai araha: ba ta zama inda aka ajiye ta. Tana kan mayafi, tana kan goshin jariri, tana bakin kofi. Shi ya sa akwai wani jinsi na ƙarshe da bai saya ba, bai ara ba, bai ma san sunanta ba, wato maigida. Zai fito majalisa bayan magariba da gemu na tartsatsi ƙarƙashin fitilar mai shayi. Abokai su yi shiru, su kalli juna. Wani ya ce, “Alhaji, yau gida lafiya dai ko?” Ya shafa gemu, ya duba tafin hannu, ya haɗe rai ya ce takin zamani ya sauke daga mota ɗazu.

Mai shayi, yana fifita wuta, ya ce, “Alhaji, in wannan takin mai ruwan gwal bai ƙare ba, a ajiye mini buhu biyu.”