Dattawan Aji Shida

Yaya ce ta aiko a gaya mini cewa ɗanta ya yi kandi, kuma tunda ni ne kawun da ya yi boko, ni zan wakilci dangi a bikin yaye su. Na san ma'anar wakilci a bakin Yaya: kuɗin hoto, kuɗin lemo, da kuɗin adaidaita sahu na komawa gida. Na zumbula babbar riga na tafi.

Katin gayyata ya ce ƙarfe goma na safe. Babban baƙo kuwa sai da aka yi azahar ya iso, kamar yadda al'ada ta tanada. A cikin wannan dogon jira, ƙarƙashin rumfa, kan kujerar roba mai ƙafa uku da rabi, Allah ya haɗa ni da gungun 'yan aji shida suna hira a bayana.

Wani daga cikinsu, wanda gemunsa bai wuce gashi bakwai ba (na ƙirga, ai ina da lokaci), ya yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta tsohon sojan da ya ga yaƙin basasa, ya ce, "Kai, duniya kenan! A zamaninmu..."

Na waiwaya don in gaida dattijon. A 2008 aka haife shi. Ina da takalmi sau-ciki a gida da ya girme shi da shekara biyu, kuma har yau takalmin bai taɓa cewa "a zamaninmu" ba.

Ashe zamanin nasu shi ne lokacin da ake ba su naira ashirin kuɗin tara, su sayi awara da yaji, su ƙara da hanjin ligidi ko gullisuwa, har a yi ragowar canjin fiya wata. Ɗaya ya tuno langa, ɗaya ya tuno garen taya da ya bi har ya faɗa kwata da kayan Sallah, ɗaya ya tuno tashen da suka yi a azumi suka tara gero, babbansu ya gudu da shi. Sai wani ya nuna 'yan aji ɗaya da ke ta jidar kujeru a rana, ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu ba su san komai ba, sai waya." Yana faɗa yana gyara tsayuwa, domin abokinsa na ɗaukarsa bidiyon da za a sa a TikTok.

In za a yi adalci, yaran nan sun ga abubuwa. A ƙarshen 2019 suka shiga aji ɗaya, ko sunan malamai ba su gama riƙewa ba korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Duniya na kuka, su kuwa har yau suna kiran abin "babban hutu". Gwamnatoci suka ce a yi karatu ta rediyo. Na shaida wannan karatu a gidan Yaya: rediyo na tsakar gida yana ta bayanin lissafi, kaji na saurare cikin natsuwa, ɗalibin yana filin ƙwallo. A farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo saboda canjin naira, har mai awara ta koyi karɓar taransifa tana cewa "ba ta shigo ba tukuna". A watan Mayun 2024 aka sauya taken ƙasa, yaran da suka sha bulala kafin su haddace wancan suka koma motsa baki kawai a asambuli. Suna kiransa sabon take, alhali shi mahaifina ya rera daga 1960 har aka ajiye shi a 1978.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne wanki. Ranar yaye ɗalibai babu dattin da ba ya fita.

Akwai malamin horo a makarantar, mutum mai dorina da ba ta taɓa zuwa hutu ba. Bara waccan, da kunnena na ji ɗan Yaya yana addu'a bayan sallar magariba, yana roƙon Allah ya sa babur ɗin malamin ya buga inji a hanyar da babu bakanike. Yau ga shi riƙe da makirfo, murya na rawa: "Malam uba ne a gare mu. Duk bulalar da ya yi mana, ƙauna ce." Aka tafa. Malam ya ciro hankici ya share ido. Dorinar tana rataye a hannun babur, ina hango ta, ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba.

Sai aka zo fagen neman yafiya, wanda mu Hausawa muka ƙware a kai fiye da kowa. Ba ma neman gafara ɗai-ɗai, a sari muke nema. Leba firfet ya miƙe, mutumin da ya shekara yana sa juniyoyi tsallen kwaɗo daga bakin get har ɗakin cin abinci, wanda ya cinye garin kwakin yara da sukarinsu da madararsu da sunan bincike, ya dafa ƙirji ya ce, "Duk wanda na ɓata wa, da sani ko da rashin sani, don Allah ya yafe mini." Rashin sani! Gwangwanin madara guda ne ya faɗa masa a baki bai sani ba? Ba a yi maganar biya ba, ba a ambaci ko cokali ɗaya ba. Juniyoyi suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe!" Na dubi idanun 'yan aji biyar. Sun yafe ɗin kuwa, domin sun riga sun san waɗanda za su biya bashin: suna can aji shida na firamare, suna murnar za su shiga sakandare.

Monitan da ya rubuta sunan rabin aji a takardar masu surutu, har da wanda bai zo makaranta ba ranar, shi ma an yafe masa. Haka mai karɓar tarar banakula, wanda da Hausa yake cewa a kawo kuɗin yin Hausa. A ɓangaren 'yan mata, biyu da suka yi gaba tun aji huɗu a kan biro suka rungume juna suna rusa kuka, kowacce na lura kada hodar ɗaya ta ɓata mata hijabi. Hatta gabza ta samu rabonta. Wani da ya yi ɓangaren kwana kafin a dawo da shi jeka-ka-dawo ya rantse babu tuwon da ya kai ta daɗi. Tuwon da in ka jefi kare da shi sai ya kai ƙara!

Daga nan aka fito da alƙalamin maka, aka hau farar riga. Kowa ya juya baya ana rubuta masa. "Kar ka manta da ni," ga lambar waya a ƙasa, wadda in ka kira uwarsa ce za ta ɗauka. Wani ya rubuta wa abokinsa fatan alheri da Turancin da ya sa na fara tausaya wa masu makin WAEC. Kowa likita ne a jikin rigar, ko injiniya, ko matuƙin jirgi. Sakamako bai fito ba, sai watan Agusta, amma a bayan ɗan Yaya kaɗai na ƙirga gwamnoni uku.

Ina cikin dariyata sai na ji mai gabatarwa ya ce a samu ɗaya daga cikin iyaye ya yi wa yara nasiha. Babbar riga ta ja mini. Na karɓi makirfo da niyyar in yi gajeren godiya in zauna. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ya ce, "A zamaninmu..." ba.

Na gaya musu a ƙafa muke zuwa makaranta, tafiyar da duk shekara nake ƙara mata mil ɗaya. Na ce da fitilar ƙwai muka yi karatu. Na ce tun daga aji ɗaya har na gama ban taɓa sauka daga na ɗaya ba. Iyayen da ke rumfar duk suka gyaɗa kai, domin su ma na ɗaya suka riƙa yi. Mu arba'in da biyu ne a ajinmu, kuma har yau ban haɗu da uban da ya zo na arba'in da biyu ba. Wataƙila bai yi aure ba.

A cikin adaidaita sahu, ɗan Yaya ya matso ya rage murya.

"Kawu, jawabinka ya yi ma'ana. Amma Umma ta ce sau biyu ka yi aji uku."

Na ce masa ajin ne ya yi mini daɗi.

Muna shiga gida Yaya ta ga rigar, ta saki salati. Ashe ta riga ta yi wa ƙanensa tanadinta, shi da zai shiga aji huɗu. Ta sa aka tuɓe gwamnonin uku da likitocin aka jiƙa su a baho da omo. Dattijon aji shida kuwa, daga shi sai singileti, ta miƙa masa ɗari biyar ta ce ya sayo gawayi, kuma saura ya tsaya hira a hanya.