Lauyan Ciyawa

A duk unguwarmu a Gashua babu wanda ya kai ni sanin sunayen ciyawa, babu kuma wanda ciyawa ta raina irina. Ciwona ba jahilci ba ne. Ƙyuya ce, amma irin wadda ta yi makaranta, ta iya kafa hujja.

Ina da ɗan lambu a bayan gida, 'yan fangali na tumatir, yakuwa, kuɓewa da albasa. Da ƙasa ta sha ruwa sai ciyawa ta leƙo. Mai hankali a ranar yake ɗaukar fartanya, tun tana ganye biyu, ya kankare ta da sassafe, ya bar wa ranar Yobe sauran aikin. Kafin azahar ta yi ƙayau. Ni kuwa sai in tsuguna in shiga yi mata shari'a. Wannan ai tafasa ce, ana kwaɗonta. Wannan lalo ne, miya guda. Ga gasaya, ga zaki-banza ɗan'uwan alayyafo. Yaɗiya ta hau darni? A ƙyale ta, da ita kakanni suka tsallake yunwa. Har tumfafiya na taɓa tsaya wa, wai ana magani da ita. Duk gaskiya ne, sai dai ban taɓa tsinko ko ganye ɗaya na kai madafa ba. Uwargida ta gaji ta ce, "Malam, in miya kake nemo mana, cire ka kawo. In kuma bayanka kake tausayi, faɗi mu huta." Na ce mata ba ta san kimiyya ba.

A inuwar waɗannan bayin Allah kuwa miyagu ke girma. Ƙarangiya, in ka bari ta fid da kai, ta gama da kai: ta kama ƙafar wando, ta soki yara, ta ajiye irin baɗi. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, jere a kan jijiya; in ka fizge ganyen kawai aski ka yi mata, sai an tono 'ya'yan an baza a rana. Kiri-kiri ta fi su sharri, don kowace gaɓa tata tana yin saiwa. Ranar da zuciya ta ɗebe ni na sassare ta gunduwa-gunduwa, na bar ta nan cikin fangali, na yi ban-ruwa na tafi ina huci. Ashe dashe na yi mata.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya tsufa a noman fadamar kogin Yobe. Ya leƙo ta kan darni ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kashin awakin nan da kake zubawa ɗanye, iri kake shukawa." Akuya ta ci ciyawa har da 'ya'yan ciyawar, da yawansu kuma lafiya lau suke fita. Ya ce in tara takin a rami, in yayyafa ruwa, in riƙa juyawa har ya ɗau zafi ya ruɓe, zafin ya kashe irin. Ya ce in je wurin masu injin casar shinkafa in ɗebo ɓuntu, in shimfiɗa tsakanin shuka kaurin yatsa huɗu: haske ba zai kai ga irin ciyawa ba, ƙasa kuma ta riƙe laima, ban-ruwa ya ragu. Na ce, "Allah ya saka, Baba," na shiga ɗaki na rubuta duka a littafi da kyakkyawan rubutu. Littafin yana nan lafiya.

Sai ɗaya rabin ciwon, wanda ya fi cin kuɗi. Duk abin da zai hana ni duƙawa, muddin a kwalba yake, zan saya. Wani mai maganin feshi a kasuwa ya karance ni tun daga nesa. "Alhaji, wannan ko dutse ka fesa wa sai ya bushe." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya shige ni. Ya tsiyaya mini a tsohuwar gorar ruwa, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar daina aiki, a farashin da ya sa na ji na cuce shi. Araha ba ta ado.

Daga baya na fahimci maganin ciyawa ba ɗaya ba ne. Akwai mai ƙona ganye cikin yini guda ya bar saiwa da rai, irin paraquat, gubar da NAFDAC ta sanar da hana ta. Akwai glyphosate, mai shiga ta ganye ya gangara saiwa, wanda sai ya yi mako ko fiye kafin a ga aikinsa, kuma ba ya tambayar sunan shuka, duk kore nasa ne. Ruwan laka yana karya masa ƙarfi, ruwan sama in ya sauko nan kusa ya wanke shi. Ni da ruwan kududdufi na dama nawa, na fesa da la'asar iska na kaɗawa. Washegari na ga ciyawa tana nan kore shar, na ce jabu ne, na ninka murfi na sake. Mako na zagayowa yakuwar uwargida da tumatir suka yi rawaya suka kwanta. Aya-aya ta ɗan yi zazzaɓi, ta warke.

Yanzu har wa'azi nake yi wa mutane: a sayi kwalba rufaffiya mai takarda, a karanta, a fesa da safe iska na kwance, a rufe hanci da hannu, a huda kwalbar in ta ƙare kada wani ya zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa. Nakan ƙara da cewa lambun bayan gida bai kai a yi masa feshi ba, aikin fartanya ne. A nan muryata kan yi ƙasa.

Babbar hujjata kuwa a Nguru na samo ta. Duk wanda ya bi ta tafkin Nguru da mashigar Marma ya ga kachalla, ta fi mutum tsawo, ta cinye ruwa iya ganinka. A da kogi kan cika da damina ya janye da rani, fari ya hana ta sakat. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya a wasu wurare rani da damina, laka ta taru, kachalla ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, jan-baki kuma ya samu masauki yana fita cin shinkafar mutane. Wuri ne da aka sa cikin jerin dausayin Ramsar na duniya tun 2000, hukumomi sun yi ta kawo injuna da taruka, tana nan. Na ce wa kawuna a can, "Kawu, ciyawar da ta gagari gwamnati, ni wane ne?" Ya kai ni bakin ruwa ya nuna mini 'yan gayya, ruwa iya ƙirji, suna yanke ta daga ƙarƙashin ruwa don kututturen ya shaƙe ya ruɓe. Ya ce, "Tasu daga Tiga aka sako musu. Taka fa, wa ya sako maka?"

Bana uwargida ta karɓe lambun. Ni an bar mini ɗauko buhun ɓuntu da faɗin sunayen abin da ta cire. Amma ciwon bai warke ba, don har yanzu in na shiga kasuwa ƙafata kan karkata. Don Allah duk wanda ya gan ni a rumfar masu maganin feshi ina ciniki, ya kama hannun rigata ya raka ni layin maƙera.