Jos ko Gembu?

A teburin mai shayi na Dagumawa an kafa kwamiti. Maganar da ke gabansa ba ƙarama ba ce: idan zafin Afrilu ya kori mutum daga ƙasar Wudil, Jos zai koma ko Gembu?

Masu ra'ayin Jos suna da hujja. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Ga dankalin turawa, ga kabeji, ga mota kullum zuwa Kano. In sanyi ya ishi mutum, yini guda ya dawo gida ya sha rana.

'Yan Gembu suka ce wannan ai sanyin 'yan koyo ne. Tsaunin Mambila ya ɗara Jos tsayi. A can, a Kakara, ake noman ganyen shayi, hazo kuma kan sauko har bakin ƙofa. Sai dai hanyar hawa murɗe-murɗe ce, direba na addu'a, fasinja na amsawa da amin.

Wanda ya fi kowa zaƙewa a kan Gembu kuwa, a Janairun bana, da hunturu ya ɗan buso daga bakin kogin Wudil, mako guda ya yi ba su gaisa da bokiti ba. Hular sanyi a kan hular sanyi, safa har a hannu. Alwalar asuba sai an ɗora masa ruwa a murhu.

Da aka tuna masa, ko a jikinsa.

"Haba Malam," in ji shi, "wancan ai sanyi ne mai ƙura. Na Gembu wankakke ne."