Shishar Aljihu a Gidan Surukai

A Gure duk abin da yake da kafa sai rairayi ya shige shi: kunne, ramin kwaɗo, bakin buta, har tsakanin haƙora. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Diffa, tafiyar kilomita kusan 170 daga Damagaram ɗin, kuma tuddan rairayin da suka kewaye kwarurukanmu na dabino da goruba da kanwa ba sa zama wuri ɗaya sai an kafa musu shingen kalimbo. In hunturu ya kama kuwa, ko tuwo ka rufe sai ka ji shi yana ƙaras-ƙaras. Wanda ya ƙera abin da zan ba ku labarinsa bai taɓa jin sunan Gure ba, na tabbata.

Na daɗe ina shan taba a ɓoye, irin ɓoyon da duk unguwa ta sani. Sai wani ƙanena, ɗan kawuna, ya dawo daga Libiya ya miƙo mini tsaraba: bututun tagulla mai nauyi, tsawon tafin hannu, da ƴar kwalbar ruwa mai ƙanshin mangwaro. Ba kwali, ba takarda. Ya ce, "Yaya, wannan shi zai raba ka da taba. Ba toka, ba wari, ba mai ganewa." Sigarin lantarki ne, samarin fada kuma shishar aljihu suke ce masa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya fito da irin na zamani a 2003, kuma shi ma mashayin taba ne da ke neman mafita. Yau galibinsu a birnin Shenzhen ake ƙera su.

Yawancin waɗanda ake sayarwa suna da ƴar ƙwaƙwalwa a ciki. Ita ke auna wuta, ta yanke ta in an daɗe ana dannawa, ta ƙi tashi in akwai matsala. Nawa ba shi da ko ɗaya. Bututu ne, da batir guda a ciki, da maɓalli a gindi. In ka danna, wani ɗan ƙarfe ya taɓa gindin batir, wuta ta bi jikin bututun kansa ta haura zuwa wata naɗaɗɗiyar waya, wayar ta yi zafi ta dafa ruwan da ke jikin auduga, tururi ya tashi. Ƙanen nawa ya ce wannan shi ne na manya, na waɗanda suka san hannu. Ya faɗi haka ya hau mota ya koma Agadas.

Kwanakin farko abin ya yi ta aiki. Daga nan maɓallin ya fara zaɓen lokaci. In na danna tsakiya, shiru. In na danna ta gefe, sai ya yi "tsss" ya ba ni tururi har in ƙware. In na sake danna gefen nan dai, shiru kuma. Ina ni kaɗai a bayan ɗaki ba ya musu, amma da zarar na fito da shi a fada, ana zuba shayi, idanu sun dawo kaina, sai in zuƙi iska zalla, kumatuna su lotsa, ba abin da ya fito. Wani yaro ya ce, "Yaya, ko sarewa ce?"

Fada ba ta rasa masana. Wani ya ce sammu ne, tun da abin yana aiki a ɓoye yana ƙi a fili. Wani ya ce kayan Turawa sai da sanyi, in jiƙa tsumma in naɗe shi. Wani ya ce a wanke shi da ruwan kanwa, don a ƙasar Muniyo ba ciwon da ba a fara gwada masa kanwa ba, na mutum ko na raƙumi. Mai gyaran babur na bakin tasha shi ya fi kowa ƙarfin hali. Ya kwance gindin, ya zaro ɗan sifirin da ke mayar da maɓalli, ya ja shi ya ƙara masa tsawo, ya lakato giris da ɗan yatsa ya cika wurin. Ya ce, "Oga, ƙarfe ba ya son bushewa." Na ba shi kuɗin shayi. Kafin magariba giris ya kwashi rairayin unguwa guda, maɓallin ya koma yana gurza in an taɓa shi, zoben da ake murɗawa a kulle shi kuma ya ƙame, ba gaba ba baya.

Sai wani ya girgiza bututun a kunnensa ya ce batir yana rawa a ciki, akwai tazara, a cike ta da ƴar takardar azurfa. Ina ake samun takardar azurfa a Gure? A cikin kwalin taba. Na je butik na sayi kwali guda don in gyara abin da zai raba ni da taba. Takarda kawai nake so, amma zubar da kara ashirin almubazzaranci ne, kuma an hana almubazzaranci. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi gaida surukaina. Na sa babbar riga, na jefa bututun a aljihun wando, gindinsa a ƙasa, don in na bar shi a gida uwargida za ta gani. Na tarar da Baba a zaure kan buzu da carbi a hannu, Inna kuma tana daga ciki kusa da ƙofa. Na tuɓe takalma, na sunkuyar da kai, na durƙusa har ƙasa kamar yadda ya kamaci suruki.

Maɓallin da ya ƙi ɗan yatsana a gaban samari, cinyata ta taɓa shi sau ɗaya ya amsa.

"Baba, kun wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyalin?"

"Tsss."

"Suna gaishe ku, Baba."

"Madalla. Ya ƙurar nan?"

"Tsssss."

Baba ya tsayar da carbi. Ya dubi bayan randa, ya dubi ƙarƙashin tabarma, ya jawo sandarsa a hankali. Ya ce, "Ɗan nan, kada ka motsa. Kububuwa ce." Ni kuwa da ma ba ni da halin motsi. Suruki ba ya zabura ya miƙe ana tsakiyar gaisuwa, kuma ba ya cusa hannu a wando a gaban uban matarsa. Gaisuwar gidan ba gajeruwa ba ce, sai an tambayi yara, a tambayi aiki, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa, cinyata tana ɗumi, ɗumin yana zama zafi. Can sai wani farin tururi ya fara fitowa ta hannun babbar rigata, ta dama da ta hagu, zaure ya gauraye da ƙanshin mangwaro a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗanye babu a kasuwa.

Inna Babarbariya ce, kuma a harkar turaren wuta ba a yi mata gardama a unguwar. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ce daga bayan ƙofa, "Wannan haɗin fa? Ba hawi ba ne, ba sandal ba ne. Wa ya turara maka riga?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Tsarabar Libiya ce, Inna." Ba ƙarya na yi ba. Daidai nan ruwan ya ƙafe, auduga ta fara ƙonewa, mangwaro ya koma ƙaurin tsumma. Na ce, "Baba, na bar wuta a gida," wanda shi ma kusan gaskiya ne, na ja da baya da gwiwoyi, na fita ba takalmi. A bayan katanga na zazzage aljihun, bututun ya faɗi cikin rairayi, ban iya taɓa shi ba sai da ya huce. Baba yana can yana dukan bayan randa da sanda.

Washegari na kai shi wurin wani maƙwabcina, malamin kimiyya a makarantar sakandare. Ya kwance shi a kan tabarma, ya tsamo takardar azurfa da tsinke, ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ka san wutar da ke bi ta cikin abin nan?"

"Mushe, ai ɗan batir ne."

Ya ce batirin sunansa 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. In ya cika yana da bolt 4.2. Ya auna naɗaɗɗiyar wayar da na'urarsa ya samu om 0.2. Ya rubuta lissafin a ƙasa da yatsa, irin wanda Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar tun 1827: ka raba 4.2 da 0.2, amfiya 21. Cajar waya ta yau da kullum ba ta cika wuce biyu ba. Duk wannan wutar sai ta ratsa ta wurin da bai kai ƙwayar gero ba, inda ɗan ƙarfen maɓalli yake sumbatar gindin batir. Kowace dannawa tana haifar da ɗan tartsatsi, tartsatsin yana barin baƙin tabo, tabon kuma ba ya barin wuta ta wuce. Shi ya sa in na danna tsakiya na faɗa kan tabo, in na karkace na samu ƙarfe mai tsabta. Ga tagulla tana dusashewa da gumi, ga rairayi a cikin zaren murɗi, wanda shi ma hanyar wuta ne. In wuta ta rasa hanyarta sai ta bi ta sifirin, sifirin ya yi zafi ya saki, maɓallin ya ƙona yatsa.

Na ce, "To me ya sa yake ƙi a fada?"

Ya ce, "A fada da yanga kake dannawa. A bayan ɗaki da yunwa."

Sai ya juya batirin ya nuna mini inda ledar jikinsa ta yage. Ya ce duk gangar jikin batirin nan gindi ce, kansa kaɗai ne daban. In wurin da ya yage ya taɓa bututu, abin zai kunna kansa ba sai an danna ba, kuma babu abin da zai kashe shi. A 2018 irin wannan bututun ya fashe ya kashe wani mutum a jihar Fulorida ta Amurka. "Can ma ke nan," in ji shi, "balle nan da bazara take haura digiri 40, kai kuma ka ajiye shi kusa da abin da ba a sayarwa a kasuwa."

Gyaran kansa bai kai tafasar shayi ba. Ya wanke giris da sabulu, ya goge tagulla da lemun tsami da gishiri ya busar da ita sarai, ya murje baƙin tabon da abin goge fensir na ɗiyarsa, ya sa sabon sifirin, ya murɗa ɗan ƙarfen har batir ya daina rawa. Zoben kullewa ya dawo yana juyawa. Tsohon batirin kuwa ya riƙe, ya ce ba zan ƙara ganinsa ba, sai da aka aiko mini da sabo daga Damagaram. Yanzu ko ta ina na danna maɓallin yana amsawa. Ruwan ne ya ƙare, rabi a gwaji, rabi a wandona, kuma na zagaya butik-butik har bakin tasha ban samu mai sayar da shi ba.

Ina zaune ina juya busasshen bututu sai ga ƙanwar uwargida ta yi sallama, da takalmana a hannu ɗaya, kasko a ɗayan. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce bikin ƴar ƙanwarta saura sati, a sammata turaren nan na Libiya ko kaɗan ne za ta turara ɗakin amarya. Amma ta ce na farkon take so, ban da na ƙarshen."

Na dubi uwargida. Ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Malam, sai ka je da kanka ka kunna musu. Baba ma yana nemanka, har yau bai samu macijin ba."