Hasashen Ƙanƙara da Mutumin Mashi

Da Nuwamba ta kama, mutanen Siwizalan da Faransa sai su kasa kunne ga masu hasashen yanayi, suna jiran a ce dusar ƙanƙara ta rufe tsaunukan Alps. In ta sauka, sai mutum ya biya kuɗi a haura da shi ƙololuwar dutse, ya ɗaura dogayen alluna a ƙafa, ya sulalo ƙasa. In ya karye, ya ce hutu ya yi daɗi. Ikon Allah!

Mu a Mashi namu farin daga Chadi yake tasowa, daga kwarin Bodele, kuma ba a biyan ko sisi. Hukumar NiMet takan yi sanarwar hazo, amma kafin rediyo ya faɗa, diddigen Malam ya riga ya tsage, leɓe ya bushe, mai man kaɗanya ta ƙara kuɗi. Ka hau babur zuwa Daura, ka sauka da furfura har a gira, yara na gaishe ka "sannu Baba" alhali ko aure ba ka yi ba. Wanka kuwa sai rana ta take, shi ma bayan doguwar shawara da bokiti.

Rigunan da Turawan nan suka gama sululu da su, ƙarshenta dilar gwanjo suke faɗawa. Ga mai shayinmu can cikin wata jibgegiya ja, hular a rufe ruf, yana fifita gawayi, yana rantsuwa ko a Turai ba a taɓa sanyin bana ba.