Agogon Ɗaliban Utako

Haya a Utako ba ta ɗalibi ɗaya ba ce, shi ya sa za ka tarar da mutum huɗu a ɗakin bayan gidan wani kawu: ɗan Jami'ar Abuja mai sammakon bin hanyar filin jirgi, ɗan Baze, ɗan NOUN mai hedikwata a nan Jabi, da wani da ba a san inda yake karatu ba. Ɗaki ɗaya, amma kowa da agogonsa.

Babbansu shi ne Sarkin Jadawali. Ranar Asabar zai shiga kasuwar Utako ya sayo farin kwali da biro kala uku. Daren Lahadi ya baje a ƙasa da rula: 4:00 tashi, 4:10 nafila, bayan asuba bita, wanka minti 7, hira da abokai minti 15, ita ma da jan biro. Ya manna a bango, ya ja da baya yana kallo kamar mai sabuwar amarya. Litinin sai rana ta tashe shi ƙarfe 9. Ba ya ganin laifinsa, jadawalin ne bai yi lissafin ɗauke wuta ba. Sai ya kashe yinin wajen zana wani. Talata kuwa ba a fara abin kirki a cikinta, mako ya riga ya lalace, a bari sai Litinin mai zuwa. A haka zango zai ƙare, bango ya cika da kwalaye, littafi na nan da ƙamshin shago. Abin mamaki, shi ne mai ba mu shawara kan amfani da lokaci, kuma har ga Allah shawararsa na da kyau.

Mujiya barcinsa daga la'asar yake farawa. Ƙarfe 1 na dare yana teburin mai shayi kusa da tasha, Indomie da ƙwai a gabansa, takarda a cinya. Laccar ƙarfe 8 yana halarta, amma gangar jiki kawai.

Akwai Hajiya 'yar NOUN, ma'aikaciya, mai goyo, wadda ke cike aikin gwajinta na TMA a waya a cikin tasi daren da za a rufe. Ita ba a yi mata dariya, sai dai a matsa mata wuri.

Sai Ɗan Berger. Duk lokacin da ka kira shi, “Ga ni nan a Berger, cunkoso ne,” alhali ana jin ƙarar bokiti. Wannan ba zan tsananta masa ba. Cunkoson Berger ya rufa wa da yawanmu asiri.

Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Ƙararrawa. Wayarsa na kuka daga 3:00, duk bayan minti 5, har a kira sallah. Kowa ya farka, har jaririn maƙwabta, ban da shi. Ka taɓa shi ya ce, “Haba ɗan'uwa, saura minti biyar.” Kai da ke da jarrabawa ƙarfe 8 ka kwana ido biyu, shi kuwa ya miƙe da hantsi yana hamma, ya dube ka ya ce barci ne zai kashe ka. Kuma cajarka ce a jikin wayar.